Rubutun da ba ya tsaya wa kowa

A lise da jami'o'in Nijar, ana koyar da rubutun muhawara bisa tsarin Faransa: ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, sannan ka sulhunta su. Yana da amfani, don yana tilasta wa ɗalibi sauraron abokin hamayya. Amma sau nawa na karanta takardar da ta bi shi tiryan-tiryan, na gama ban san inda mai ita ya dosa ba?

Aristotle ya lissafa hanyoyi uku na shawo kan mutum: hujja, taɓa zuciyar mai sauraro, da amincin mai magana. Na ukun ne tsarin nan yake binnewa. Wa zai amince da wanda ya kare hukuncin kisa a shafin farko, ya rushe shi a na biyu, duk da murya ɗaya?