Natalie Davis da Shari'ar Martin Guerre

A 1988 Robert Finlay ya fito a mujallar American Historical Review ya zargi Natalie Zemon Davis da cusa wa matattu magana a baki. Har yau wasu malaman tarihi na riƙe da wannan zargi, suna ganin bin diddigin ƙauye ɗaya ko mace ɗaya aikin mai ƙagaggen labari ne. Ban yarda da su ba ko kaɗan.

An haifi Davis a Detroit a 1928, ta rasu a Toronto a 2023. Ta fara bincike a kan ma'aikatan ɗab'i na birnin Lyon da suka rungumi Furotesta a ƙarni na 16. A 1973 ta nuna cewa tarzomar addini a Faransa tana da tsari: 'yan Katolika sun fi auka wa mutane, 'yan Furotesta sun fi farfasa gumaka da kayan coci, kowane ɓangare kuma gani yake aikin da hukuma ta kasa shi yake yi. Amma gwanintarta ta fi fitowa a littafin The Return of Martin Guerre na 1983, wanda Finlay ya sa a gaba.

Martin ya bar ƙauyen Artigat a 1548, ya bar matarsa Bertrande da ɗa. A 1556 wani Arnaud du Tilh ya zo ya ce shi ne Martin, dangi suka karɓe shi, ya zauna da ita har suka haihu. Ana tsakar yi wa Arnaud shari'a kan zargin sojan gona a Toulouse a 1560 sai ga Martin na ainihi da ƙafar katako. Aka rataye Arnaud.

Takardun kotun sun ɓace. Babban abin da ya saura shi ne littafin alƙali Jean de Coras, wanda ya ce yaudarar Bertrande aka yi. Nan Finlay ya tsaya. Ita kuwa Davis sai ta tono takardun aure, wasiyyoyi da cinikin gonaki na ƙauyukan yankin, don ta san ƙofar da ke buɗe wa mace irin Bertrande da wadda ke rufe. Dokar Katolika ba ta barin matar wanda ya ɓace ta sake aure sai da shaidar mutuwarsa, komai daɗewa. Wanda ya san hukuncin Malikiyya, inda alƙali kan yanka wa irin wannan mata shekara huɗu sannan ta yi idda, zai ji nauyin wannan ƙangi. A Geneva ta Calvin, jagoran Furotesta, kuwa, wadda miji ya gudu ya bari tana iya samun rabuwa. Daga nan Davis ta ce da alama Bertrande ta san baƙon nan ba mijinta ba ne, ta amince da shi, kuma wataƙila sabuwar aƙidar Furotesta da ke ratsa yankin ta sauƙaƙa musu ɗaukar zamansu a matsayin aure. Duk inda hujja ta ƙare takan faɗa wa mai karatu a fili cewa hasashe ne. Wannan ai riƙon amana ne.

Finlay ya manta cewa Coras ba ɗan kallo ba ne. Da Coras ya ce Bertrande ta sani, da ta zama mazinaciya, 'yarta kuma ta zama shegiya; kotu ta zaɓi ta halatta yarinyar. Coras kansa ya karkata ga Furotesta, kuma a kan haka aka kashe shi a Toulouse a 1572, bayan kisan kiyashin da aka yi wa 'yan Furotesta ranar Saint Barthélemy. Yaya za a haɗiye rubutun irin wannan mutum ba tare da an tambayi abin da yake karewa ba?

Ni a ganina sauyin addinin Turai bai kama ƙasa da muhawarar malaman coci ko dokar sarakuna kaɗai ba. Ya kama ta wajen aure, gado da halaccin 'ya'ya, inda talaka ke da abin asara. Da irin wannan ido Davis ta karanta al-Hasan al-Wazzan a 2006, mutumin Fas da Paparoma Leo na 10 ya yi wa baftisma a 1520, wanda ya rubuta bayanin Kano da Katsina yana zaune a Roma, yana sane da waɗanda za su karanta shi.