Kafin a Raba Goro, Ina Takardar Gwaji?

Jama'ar Sabo, akwai maganar da muke ta kauce mata a zaure, yau dai sai mun faɗe ta. Watan jiya muka yi wa wani yaro ɗan shekara shida sallah, na uku ke nan a gida ɗaya. A wajen zaman makoki wasu na cewa uwar wabi take yi, wasu suka ce iska ce. Maƙwabtanmu Yarabawa abiku suke kiran irin wannan, Ibo kuma ogbanje. Kowa da sunan da ya laƙaba, alhali likita ya daɗe da faɗa wa gidan cewa sikila ce, amosanin jini.

Lissafin ba wuya, ko mai awon gero zai gane. In miji AS ne, matar ma AS, to kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Kowane ciki fa muka ce, don haka ana iya jera uku. Iyayen kuwa garau suke, ido ba ya ganewa. Mu da muke son auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙane, abin ya fi kusa da mu.

Coci-coci da yawa a nan Ibadan ba sa ɗaura aure sai sun ga sakamakon gwaji. A Kano ma, a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure. Mu fa? Da ka ambata sai waliyyi ya ɓata rai: "Haba Malam, zargin 'yarmu ake yi?" Ya ɗauka maganar ƙanjamau ce. AS gado ne, Alhaji, ba abin kunya ba. Wani kuma ya ce komai ƙaddara ne. Haka ne, amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ai juyowa ya yi da jama'arsa.

Mu masu ɗaura aure mun fi kowa laifi. Muna tambayar sadaki nawa, lakadan ko ajalan, a raba goro da alewa, a shafa Fatiha a watse. Kuɗin gwajin bai kai na turmin atamfa ɗaya a lefe ba. Kuma a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ana gobe ɗaurin aure ba, lokacin da an buga kati, baƙi sun taso daga Arewa, ba mai iya cewa a fasa.