Tsakanin Ba'a da Ɓatanci: Nazari a kan Tallace-tallacen Ista Uku

Shekara uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, bukin Ista bai wuce ba a Nijeriya sai da wata talla ta jawo ƙorafin Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, watau CAN. A watan Afrilu na 2022 bankin Sterling ya kwatanta tashin Yesu Almasihu daga matattu, bisa ga imanin Kirista, da tashin burodin Agege. A 2023, ranar Jumma'ar da ake tunawa da gicciye, masu madarar Peak suka nuna gwangwani lotsattse wanda aka huda da ƙusa. A 2024 kuma hukumar tara haraji ta tarayya, wadda a lokacin ake kira FIRS, ta ce Yesu ya biya bashin mutum, amma bai biya masa haraji ba. Dukansu uku sun nemi gafara. Sai dai a karo biyu na farko maganar ba ta tsaya ga neman gafara ba, har an nemi hukuma ta yi horo, kuma a batun bankin an nemi a sauke shugabansa.

Tambayar da ta shafi mai nazarin harshe ita ce: wane irin zance ne wannan, kuma doka na iya gane shi?

Hausa ba ta tara maganganun ban dariya a taska ɗaya ba. Akwai raha, wadda ba ta da abokin gaba. Akwai barkwanci da zolaya, waɗanda ake yi tsakanin masu wasa da juna. Akwai zambo da habaici, masu cizo da gangan. Sa'an nan akwai izgili da ɓatanci, inda dariya ta ƙare, wulakanci ya fara. Wannan yawan kalmomi shaida ne cewa al'umma ta daɗe tana auna irin waɗannan maganganu, kuma ba ta ɗauki duk wata dariya da ta kusanci addini a matsayin laifi ba.

Misali mafi bayyana shi ne 'yankamanci, sana'ar da C. G. B. Gidley ya yi nazari a kanta tun 1967. Ɗan kama yakan ɗauki muryar mai wa'azi, da karin waƙar malamai, da tsayuwar mai jan baƙi, ya juya su duka zuwa ga zancen tuwo da fura da nama. Jama'a na dariya, har da almajirai da malamansu. Haka kuma a wasannin tashe, cikin watan azumi kansa, yara kan sa gemun auduga da babbar riga su fito da malamin da aka kama yana rawa yana musu, a wasan nan na "Ka Yi Rawa". Idan aka duba da kyau za a ga inda kibiyar take sauka: a kan kwaɗayin malam, da riyarsa, da tsoronsa na jin kunya. Abin da malamin yake karantarwa ba a taɓa shi. Hasali ma dariyar ba ta yiwuwa sai ga wanda ya yarda cewa karatun yana da daraja, domin abin dariyar shi ne ratar da ke tsakanin girman karatun da ƙanƙantar mai ɗauke da shi.

Sharaɗi na biyu yana fitowa daga wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da garuruwa, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Kanawa da Zagezagi, al'adar da hukumar UNESCO ta sa irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014. A ƙasa irin ta Ka'oje, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya da mutanen hayin Segbana na Jamhuriyar Benin, kowa ya san wanda zai iya tsokana da wanda ba zai iya ba. Magana mai zafi tana halatta ne saboda sanayya ta gabata, kuma saboda wanda aka zolaya yana da ikon ramawa nan take, a gaban mutanen da suka ji ta farko. Baƙon da ya ari wannan magana ba tare da dangantakar ba, zagi ya yi.

To, idan aka ɗora tallace-tallacen nan uku a kan wannan ma'auni, rauninsu a fili yake. Ta bankin Sterling ta dogara ne kacokan ga wasa da kalma ɗaya, wadda a Ingilishi take nufin tashin mamaci da kumburin burodi. Hausa ma tana da wannan dama, tun da ana cewa ƙullu ya tashi, ana kuma cewa tashin ƙiyama. Amma da wuya a sami ɗan kaman da zai haɗa su, domin kibiyar za ta tsallake limami ta faɗa kan aƙida. Ta madarar Peak ta fi muni ta fuskar fasaha, don ba ta ma nufi ban dariya ba: ta ari siffar wahalar da Kirista suka fi girmamawa ta lulluɓa wa kayan sayarwa. Ta hukumar haraji ita ce mafi wayo cikinsu, kuma mai yiwuwa da wani fasto ne ya faɗe ta a kan mumbari, da jama'arsa sun yi dariya sun wuce. Abin da ya ɓata ta shi ne bakin da ta fito. Hukuma ce mai iko da aljihun kowa take zolayar talaka da addininsa, shi kuwa ba shi da dandalin ramawa. Wani abin lura ma, saƙon farko na neman gafara da bankin ya fitar ya jingina da labarin nan na Linjilar Yahaya a kan wanda ba shi da zunubi ya fara jifa, watau an nemi afuwa da habaici.

Saboda haka ƙorafin CAN yana da tushe, kuma hanyoyin da suka yi aiki, watau tsawatarwa a bainar jama'a da barazanar ƙaurace wa kaya, su ma magana ce ake mayar wa magana. Inda al'amari ya sauya shi ne wurin kiran hukuma.

Dokar da ake kira ɗin tana nan tun tuni. Sashe na 204 na kundin laifuffuka na Kudu, da sashe na 210 na kundin Final Kot na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, duka sun tanadi ɗauri har na shekara biyu ga wanda ya ci mutuncin addini a fili. Tsarin mulki na 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, da na faɗar ra'ayi a sashe na 39, sa'an nan sashe na 45 ya yarda a taƙaita su don kiyaye zaman lafiya. Matsalar ita ce waɗannan sassa ba su san kalmomin nan da Hausa ta rarrabe ba. Ba su tambayar wa ya faɗa, ga wa, da wace dangantaka. Abin da suka fi kula da shi shi ne ko maganar na iya ta da hankali. Ma'aunin laifi ya koma hannun wanda ya fi saurin fushi ke nan, kuma ya fi yawan jama'a a wurin.

Ba a yi wata guda da tallar bankin ba aka ga inda wannan yake kaiwa. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci cikin wani saƙon murya. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Jihar Bauci, don ta tura bidiyon da ya yi tir da kisan. Cikin tuhumar da aka yi mata har da sashe na 210. Ta shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, aka sallame ta a Disamba 2024. A Kano kuwa, a 2020, kotun shari'a ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu, Musulmi, hukuncin kisa saboda waƙa, kafin babbar kotu ta soke hukuncin a 2021 ta ce a sake shari'ar. Banki da kamfanin madara sun fita da takardar ban haƙuri. Ma'aikaciyar asibiti da mawaƙi su ne suka kwana a kurkuku.

Ingila, inda aka daɗe da irin wannan doka, kuma inda wasu majalisun garuruwa suka hana nuna fim ɗin Life of Brian a 1979 bayan koken malaman coci, ta soke laifin saɓo a 2008, bayan kotunanta sun tabbatar cewa Kiristanci kaɗai yake karewa. A nan yankin kuma, a watan Afrilu na 2025, kotun ECOWAS, wadda Nijeriya da Benin duka suke ƙarƙashinta, ta yanke cewa sashe na 210 na kundin Jihar Kano ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne sashen bai fayyace abin da ake nufi da cin mutuncin addini ba.