Kwatsam da Tsautsayi a Bakin Mutanen Nima da Maamobi

Mai ba da labari da Hausa yana da gaɓar da yake ɗokin kaiwa, inda zai sassauta murya, ya ɗan dakata, sannan ya ce "kwatsam". Daga nan labari ya juya. A majalisun shayi na Nima da Maamobi a Accra, waɗanda matasa ke kira bes, da rumfunan ta'aziyya, da gaban masu sayar da koko da ƙosai da safe, a wannan gaɓa ake gane gwanin hira. Hausar zangon Accra ta bambanta da ta Kano, ta saki rarrabe namiji da mace a nahawu, ta ari kalmomi daga Turanci da Twi da Ga, amma ginin labarin mamaki yana nan yadda yake: ana zaune ƙalau, sai ga abu.

Kalmomin da Hausa ta tanada don wannan gaɓa ba aiki ɗaya suke yi ba. Farat ɗaya da tashi ɗaya da nan take sauri suke aunawa. Wuf da zumbur da firgigit na jiki ne: a yi wuf a cafke yaro kafin ya faɗa kwata, a miƙe zumbur, a farka firgigit. Ba zato ba tsammani kuwa zuciyar wanda abin ya sama take bayyanawa, cewa bai taɓa kawo shi a ransa ba. Malamai suna da nasu daga Larabci, bagatatan da mutuwar fuju'a. Duk waɗannan siffanta abu suke yi. Tsautsayi ne kaɗai ya fita daban, domin shi hukunci ne. Wanda ya ce tsautsayi ne ya riga ya wanke kowa, kuma karin magana ta tsaya masa da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Mutanen zango suna da hujjar riƙe waɗannan kalmomi da ƙarfi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Ghana. Cikin waɗanda dokar ta hau kansu akwai fataken goro da mahauta da masu gadi da suka yi shekaru aru-aru a ƙasar, wasu ma a nan aka haife su, ba su taɓa sanin ana neman takarda kafin a zauna kusa da ɗan'uwa ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, an rabu da mata da 'ya'ya. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka dawo. Dattijon da ya ce abin ya zo masa ba zato ba tsammani gaskiya ya faɗa, ba wanda ya shawarce shi, ba kuma abin da hannunsa zai iya.

Al'adar ta san nauyin ba-zata har ta yi mata linzami. Ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta kai tsaye. Za a nemi babba ya je, ya yi sallama, ya zauna, ya ce jikin wane ya yi tsanani, a bar zuciya ta fara shiri, kafin a ce sai haƙuri. A Accra wannan ladabi ya ƙara zama dole, domin Musulmin zango suna binne mamaci a ranar ko washegari, alhali maƙwabtansu Ga da Akan kan ajiye gawa makonni suna shirin biki. Lokaci gajere ne, don haka harshe ne ke yin sassaucin da kwanaki ba su samu yi ba, sauran kuma a bar wa addu'ar uku da bakwai da arba'in. Abin da ke ci mini rai yau shi ne hoton mamaci da ake ɗorawa a WhatsApp tun ba a yi masa wanka ba, 'yarsa da ke aure a Kumasi ta gani a waya tana tsakar girki. Wannan ba-zata mu muka ƙirƙire ta da hannunmu.

Inda na fi saɓawa da yadda ake amfani da kalmomin nan shi ne batun ruwa. Daren 3 ga Yuni 2015 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Accra, kogin Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Mai ya tsiyaye ya bi saman ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Shugaba John Mahama ya ayyana makokin kwana uku. Ga wanda ya tsaya fakewa yana jiran ruwa ya tsagaita, wutar kwatsam ce, ba mai musun haka. Amma ambaliyar fa? Damina a Accra tana kai ƙarfinta a watan Yuni kowace shekara, yaro ma ya sani. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi cikin Odaw take zubawa, ɗauke da leda da robar ruwa da yashi da duk abin da aka watsa mata da rani saboda motar shara ba ta iya shiga lungu. Abin da ke da wata, yake da hanya, aka kuma san abin da ke toshe shi, Hausa tana da sunansa: sakaci, ko ganganci in ya yi muni. Da muka kira shi tsautsayi, mun yafe wa wanda ya zuba shara, mun yafe wa wanda ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, mun yafe wa hukumar da ta karɓi kuɗin yashe kwata, duk a numfashi ɗaya, ba tare da ko ɗayansu ya nemi yafiya ba.

Ko a ɓangaren alheri haka kalmomin nan ke ɓoye gaskiya. In an ambaci Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya buga wa Ajax da West Ham, sai ka ji an ce dare ɗaya Allah kan yi Bature. Ikon Allah gaskiya ne, amma yaron ya bar gida tun yana ƙarami ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya wuce Nordsjaelland a Denmark, kafin Ajax ta ɗauke shi a 2020. Ƙanensa da ke buga ƙwallo a lungu, in dare ɗayan kaɗai ya ji, jira zai koya.

Ba ina cewa a cire tsautsayi daga bakin mai ta'aziyya ba. A gaban wadda ruwa ya tafi da ɗanta, "ƙaddara ce, Hajiya, Allah ya ba da haƙuri" ita ce maganar da ta dace, wanda ya kawo zancen kwata a wurin bai da tarbiyya. Matsalar ita ce mun ɗauko harshen rumfar makoki mun kai shi taron unguwa, inda ake bukatar wani harshe. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa, kowace da shugabanta da kasafinta da wakilan unguwanni da aka zaɓa. Kwata ɗaya, hukuma biyu, kowace na iya nuna ɗayar da yatsa. Masu unguwa da limamai da shugabannin bes da za su je waɗannan ofisoshi a watan Afrilu, kafin damina ta yi ƙarfi, suna bukatar su faɗi wace gada ce ta toshe, wa aka ba kwangilar yashe ta, kuma yaushe aka ce za a gama.