Tausa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Inda Take Magani da Inda Take Ɓarna

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga. Wanda ya yini duƙe kan fartanya, da wadda ta sha daka da ɗiban ruwa, da dare kukansu ɗaya ne: ƙugu da kafaɗu. Tun ba a san kantin magani ba tausa ke tarar wannan gajiya, kuma har yau ita ce asibitin farko a gidaje da yawa, balle yanzu da matsalar 'yan bindiga ta sa fita neman likita da dare ta zama kasada.

Tausar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gajiya, wadda kowa ya iya: a matsa wa tsoho ƙafafu, a murza wuya da man kaɗanya ko man zafi, ko a ce da ƙaramin jika, "Zo ka taka min baya." Wannan tana sassauta naman da ya ɗaure, tana ƙara gudun jini a wurin, sannan matsin hannu kan fata yana dusashe saƙon zafin da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa barci ke biyo bayanta. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawarar a fara gwada gashi da tausa ga sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwaya. Ina ganin wannan shawara ta fi dacewa da mu, domin manomin da ke haɗiyar maganin ciwon jiki kullum a kan yunwa yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Sai dai sauƙin tausa na ɗan lokaci ne. Gobe in aka koma kunya, ciwon na iya dawowa.

Ta biyu ta maɗori ce, mai jan targaɗe, sana'ar da galibi gadonta ake yi. A nan nake da damuwa. Targaɗe da tsagewar ƙashi kan yi kama a ido, hoto ne kaɗai ke raba gardama. In aka murza ƙashin da ya tsage, ko aka ɗaure hannun yaro tamau da karare har jini ya daina kaiwa yatsu, ƙarshenta sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wani lokaci ma a rasa hannun. Maɗorin kirki shi ne mai iya cewa, "Baba, wannan ba nawa ba ne, ku tafi a yi hoto."

Tausar jego ta fi kowacce tushe a al'ada. Ungozoma kan gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi, ta matsa mata baya da ƙugu, ta shafe jariri da mai tana miƙar masa da gaɓoɓi. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, murza mara bayan fitar mabiyiya na cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su wajen tsayar da zubar jini, domin yana sa mahaifa ta tsuke. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka gudanar a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya haɗa wannan murza da saurin gano zubar jini da magunguna, aka sami raguwar munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin ɗari. Murzar kaɗai ba ta isa ba, dole da allura da ma'aikaciyar da ta san aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da tsananin wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Hannun ungozoma a riƙe shi, kanwar da tafasasshen ruwan a rage.

Akwai wuraren da hannu bai kamata ya taɓa ba ko kaɗan: ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, musamman ga mai jego, don gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu, gaɓar da ta yi jawur tare da zazzaɓi, cikin mai juna biyu, da ciwon bayan da ya zo da rama ko mutuwar ƙafafu. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, asibiti za a fara kai shi nan take, daga baya masu gashin ƙashi su koya wa iyalinsa motsa gaɓoɓin da zai yi a gida.

Ina kira ga sassan lafiya na waɗannan ƙananan hukumomi uku da su riƙa zama da ungozomomi da maɗora, tare da hakimai da masu unguwanni, a koya musu waɗannan alamomi, a kuma sanar da kowannensu asibitin da zai tura mara lafiya da zarar ya gan su.