«Splash» da «tsundum»: gyara kan yadda ake fassara ƙarar ruwa

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka harsuna suke game da ƙarar ruwa: ruwan ɗaya ne, amma kowace al'umma da yadda kunnenta ya ji shi. Ɗalibin da ya shiga ajin farko na koleji a Dantchiao, cikin yankin Magarya, yana fara Ingilishi ne ta hannun Faransanci. Idan ya haɗu da kalmar «splash», sai a ce masa ma'anarta «éclabousser», in ya nemi ƙarin bayani a ce «fantsama», a wuce. Wannan fassara daidai ce, sai dai ta tauye kalmar, ta kuma tauye Hausa fiye da yadda ta tauye Ingilishi.

Masana asalin kalmomi sun nuna cewa «splash» ta bayyana a rubuce kimanin shekaru 300 da suka wuce, kuma ta samo asali daga wata tsohuwar kalma, «plash», wadda ke nufin ɗan kududdufi da kuma ƙarar da ruwa ke yi idan an taka shi. Harafin «s» da aka ƙara a gaba ƙarfi ya ƙara mata. Wato kalmar kwaikwayon sauti ce tun daga tushe. Daga nan ma'anarta ta yaɗu: ta zama aikatau na fallatsa ruwa ko taɓo, ta zama sunan ɗigon launi a jikin tufa, ta zama ɗan ruwan da ake ɗigawa cikin abin sha. Ƴan jaridar Ingila suna kiran babban labarin shafin farko da ita. Kumbon Apollo 11 da ya dawo daga wata ya faɗa tekun Pasifik ranar 24 ga Yuli 1969, kuma irin wannan sauka a ruwa da wannan kalma aka gina sunanta. Ingilishi ya ɗauki kalma ɗaya ya ɗora mata kaya masu yawa.

Hausa kuwa ta bi wata hanya. Yaron Dantchiao da ya yi wasa a tafki da damina, ko ya ja guga a rijiya, ya san abin da ƙamus mai kalma ɗaya bai gaya masa ba. Tsakuwa idan ta faɗa rijiya, tsulum take yi. Mutum idan ya faɗa ruwa mai zurfi, ya faɗa tsundum. In ƙato ne mai nauyi, tinjim. Yara da ke tsalle a ruwan da bai kai gwiwa ba suna yin facal-facal. Wanda ruwan ya same shi ya jiƙe sharkaf ko jagab, kuma rufin da ke yoyo yana zuba ɗis-ɗis. Kowace ɗaya tana faɗin nauyin abin da ya faɗa, da zurfin ruwan, da yawansa. Waɗannan su ne masana nahawu ke kira amsa-kama, kuma ana gane yawancinsu da cewa suna ƙarewa da baƙi, alhali galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Bayan su ga aikatau: fantsama, fallatsa, watsa, yayyafa, fesa, kowanne da muhallinsa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne inda harsunan biyu suka haɗu ba tare da sun ari juna ba. Baturen Ingila idan ya kashe kuɗi ba lissafi, da «splash» yake bayyana hakan. Bahaushe kuma yakan ce wane yana facaka da dukiya, kamar yaron da ke watsa ruwan kududdufi. Yadda Ingilishi ya mai da sauti aikatau, haka Hausa ta fitar da «tsunduma» daga «tsundum», har ake cewa mutum ya tsunduma cikin bashi ko cikin siyasa. Faransanci ma yana da «plouf» don ƙarar faɗawa, kuma yana cewa abin kunya ya fallatsar wa na kusa. Malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan ya koyar da harsuna uku cikin darasi ɗaya.

Aibin da ake kuka da shi a nan shi ne raini. Da yawa daga masu gyaran rubutun ɗalibai suna ɗaukar amsa-kama maganar yara ce ko ta masu tatsuniya, suna soke ta da jan biro, har rubutacciyar Hausa ta koma kamar Faransancin ofis da aka sa wa riga. Manyan masana ba su yi wannan raini ba. Bargery ya tattara amsa-kama masu yawa cikin ƙamusunsa na 1934, Paul Newman kuma ya ware musu babi cikin littafin nahawunsa na shekarar 2000. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Littattafan da za a rubuta daga yanzu su ne za su yanke wace irin Hausa ce za ta shiga aji.

Saboda haka aikin yana kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Ya kamata a tattara amsa-kamar ruwa daga bakin mata masu ɗiban ruwa, da masu noman rani, da makiyaya masu shayar da dabbobi, a rubuta kowace da jimlar da aka ji ta ciki da garin da aka ji ta, domin lafazin Magarya da Dungas ba lallai ya zo ɗaya da na Kano ba. Idan kuma «splash» ta sake fitowa a darasi, kafin a ba da fassara sai a tambayi ɗalibai me ya faɗa, kuma cikin wane irin ruwa.