Iyafis Mara Igiya da Darasin Tajwidi ta Kiran Bidiyo

Iyafis mara igiya, wato 'yan ƙananan na'urorin nan biyu da ake cusawa a kunne suna haɗuwa da waya ko kwamfutar hannu ta Bluetooth, ya shiga cikin kayan aikin masu koyarwa ta kiran bidiyo. Yaɗuwarsa ta kankama ne a 2016, shekarar da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin jona iyafis, ya kuma kawo AirPods. A 2018 iPad Pro ma ya fito babu wannan rami, wasu kamfanoni suka bi sahu, masu sauƙin kuɗi irin su Oraimo suka cika kasuwa. Da annobar korona ta mayar da karatu kan Zoom da WhatsApp a 2020, malaman Alƙur'ani da dama suka koma sauraron ɗalibansu daga nesa, har yau kuma abin bai tsaya ba, musamman ga 'ya'yan mazauna ƙasashen waje.

Amfaninsa a fili yake. Ɗalibi ya jingina kwamfutar hannunsa, ya buɗe mus'hafi, hannayensa biyu a sake, babu igiyar da za ta fizgo allon ƙasa. Muryar malam na shiga kunne kai tsaye, don haka ba ta komawa cikin makirfo ta yi amsa-kuwwa, hayaniyar gida da ƙarar janareta kuma suna raguwa. Ga taron ofis ko gaisuwa da dangi, wannan ya wadatar.

Karatun tajwidi kuwa lamarinsa daban, domin sautin shi ne darasin. A nan ne ya kamata a san yadda Bluetooth ke aiki. Idan ana sauraron karatu ko waƙa kawai, na'urar na bin wani tsari mai suna A2DP, wanda ke aika sauti mai inganci ta hanya ɗaya, yana ɗaukar samfurinsa sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa. Da zarar an buɗe makirfon iyafis domin kira, sai ta sauya zuwa tsarin HFP, wanda aka yi domin amsa waya ba tare da riƙe ta a hannu ba. Tsohon salonsa samfuri 8,000 kacal yake ɗauka a daƙiƙa, wanda ya biyo bayansa kuma 16,000. Shi ya sa mai jin ƙira'a tangaram a iyafis ɗinsa yake jin murya ta dushe da zarar kira ya shigo, kamar mai magana ta bayan ƙyaure.

Abin da wannan sauyi ke yankewa shi ne saman sauti, siririn ɓangaren da ke ɗauke da shewar haruffa. Ɗauki haruffan safir guda uku, Sad da Sin da Zai: kaifin da ke cikinsu galibi a can sama yake zaune. Idan an datse shi, Sin da Sa mai ɗigo uku da Fa sukan yi kama da juna a kunnen mai sauraro, bazuwar iskar Shin ma takan ɓace. Rarrabe waɗannan haruffa na daga cikin abin da mai koyon Larabci da harshen Hausa ya fi buƙatar gyara a kai. Yaro zai iya karanta Sa mai ɗigo uku kamar Sin, malam ya ji kamar daidai ne ya wuce, kuskuren ya zauna a baki shekara da shekaru. Wannan hasara ce babba, kuma ba laifin malam ba ne ko na ɗalibi.

Akwai kuma manhajar rage hayaniya, wadda aka horar domin magana ta yau da kullum. Sauti mai tsawo da ba ya canzawa, irin maddin da ake ja har haraka shida ko gunna, wani lokaci takan ɗauke shi a matsayin ƙara ta dusashe shi. Saboda irin wannan matsala ce Zoom ya tanadi zaɓin barin sauti yadda yake, wanda malaman kiɗa suka fi amfani da shi, kuma ya dace malaman ƙira'a su kunna shi.

Jinkiri ma abin lura ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai ji ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi daidai. Intanet kaɗai kan cinye kaso mai yawa na wannan, Bluetooth ya ɗora nasa. Malam ya ce "tsaya", kafin ɗalibi ya ji ya riga ya shiga kalma ta gaba. Batir kuma ya fi saurin ƙarewa a kira: AirPods na biyu awa biyar yake yi a sauraro, awa uku a magana, tun yana sabo.

Saboda haka ya fi dacewa mai karantawa, wanda bakinsa ake saurare, ya yi amfani da iyafis mai igiya, ko da zai sayi ɗan mahaɗin USB-C idan na'urarsa ba ta da rami. Malam ma haka, domin tsarin HFP yana rage ingancin abin da yake ji, ba abin da yake faɗa kawai ba. Sabon tsarin LE Audio, wanda aka sanar a 2020 aka kammala ƙa'idojinsa a 2022, yana kyautata murya a kira, amma sai iyafis da kwamfutar hannun duka biyu suna ɗauke da shi, kuma na'urori da dama da ke hannun ɗalibai sun girme shi.